Wai yaushe aka fara cin abinci da ƙwallo a ƙasar nan, kuma me ya ci Kaduna?

Mai Gidan Kallo, Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, amma bari in fara da abin da ya jawo ta.

Ina da ɗan gidan kallon ƙwallo a Tudun Wada. Rumfar kwano ce, benci goma sha huɗu, talabijin biyu, sai janareta da ta fi kowa a gidanmu yawan rashin lafiya. Ranar Asabar da ta wuce ana tsakiyar wasan Arsenal sai ga kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya biyo karɓar cajar waya. Ya tarar yara sun kaure da musu a kan Arsenal ta 2004, wadda ta gama kaka guda ba a doke ta ba. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha shida ba yana jero 'yan wasan tun daga Lehmann har Henry, alhali a lokacin ko auren iyayensa ba a ɗaura ba. Kawu ya tsaya bakin ƙofa yana saurare. Can sai ya ce, "Kai yaro, wa ya ci kofin WAFU a 1989?" Wuri ya yi tsit. Wani daga baya ya ce wai WAFU ɗin a Sifen take ko a Italiya? Kawu bai tanka ba, ya karɓi cajarsa ya fita. Da na raka shi waje sai ya dube ni ya ce, "Kai ma da kake karɓar kuɗinsu ba ka sani ba, ko?" Wallahi ban sani ba. Ya ce kofin kulob-kulob na Afirka ta Yamma ne, kuma Ranchers Bees ce ta ci, ta nan garin, ya tada babur ɗinsa ya bar ni a tsaye.

Tun ranar abin yake cina. Shekarata tara a wannan sana'a, ko tsakar dare ka tashe ni zan gaya maka wa ya ci Firimiya a kowace shekara, amma ban taɓa sayen tikitin shiga filin Ahmadu Bello ba, ga shi kuwa da ƙafa ma sai in je.

To ga tambayoyin. A ƙasar nan wanne ya riga wani, lig ko kofi? Na kuma ji an ce sai a 1990 aka fara lig na ƙwararru, to kafin nan kyauta mutanen nan suke bugawa? Sannan in har Kaduna ta taɓa ɗauko kofi daga Afirka ta Yamma, me ya same mu? Kar wani ya ce in koma wurin Kawu, sai ya yi wata guda yana yi mini gori.

Baban Kakuri:

Wa alaikumus salam, ɗana. Jikana ne ke rubutawa ina faɗa masa, don idona ya daina ganin ƙananan rubutun nan na waya. Ka gai da kawunka, ka ce wani tsoho ya ce ya kyauta.

Maganar kyauta ka cire ta daga ranka. Babu wanda ya buga kyauta. Na shiga aikin masaƙa a Kakuri a 1978, sashen saƙa, na yi shekara ashirin da 'yan kai. Kamfaninmu yana da kulob. Ɗan ƙwallo katin aikinsa iri ɗaya da nawa, a takardar albashi an rubuta shi akawu ko mai kula da sito, ranar biya layinmu ɗaya a gaban tagar kashiya. Bambancin shi ne ni ina tsaye gaban inji awa takwas, ƙurar auduga tana shiga hanci, ƙara ta sa sai da hannu muke magana, shi kuwa ya leƙo da safe ya buga kati, kafin ƙarfe goma yana fili da gajeren wando. Akwai wani gola da aka ce wai a sashenmu yake. Shekara uku ban ga ya taɓa zare ba, ranar da ya shigo neman wani ma sai da aka nuna masa hanyar fita. Kuma ba ma jin haushi, don ranar Asabar shi ke fitar da mu kunya. In sun ci wasa, ranar Litinin har manaja sai ka ga haƙoransa.

Ka dubi sunayen kulob-kulob na da, su za su ba ka amsa. Railway, Marine, PWD, ECN wadda ta koma NEPA, duk ma'aikatu ne. Bendel Insurance kamfanin inshora, New Nigeria Bank banki, BCC Lions kamfanin siminti na Gboko, Leventis United 'yan kanti. A nan Kaduna akwai UNTL ta masaƙa, inda Rashidi Yekini ya fara kafin ya tafi Shooting Stars ta Ibadan, mutumin da ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar kofin duniya a 1994, ya shiga raga ya riƙe ta yana kuka. Haifaffen garin nan ne. Ita Ranchers ɗin da kake tambaya, asalinta DIC Bees ce, ta masana'antar ƙera makamai ta soja. Daga baya Alhaji Muktar Aruwa ya karɓe ta, suna ya koma Ranchers Bees, mu kuwa yaran Aruwa muke ce musu.

A 1987 suka kai wasan ƙarshe na Challenge Cup, Abiola Babes ta doke su a bugun fenariti. Sai Allah ya yi ikonsa, Abiola ya rushe kulob ɗinsa, aka ce Bees su je su wakilci Najeriya a gasar Afirka ta waɗanda suka ci kofin ƙasarsu. Mutanen Legas suna dariya, wai an tura 'yan rakiya. Ai kuwa 'yan rakiya sai da suka kai wasan ƙarshe a 1988. Wani kulob na garin Bizerte a Tunisiya ya karɓe kofin, kuma a wasanni biyu, gida da waje, ƙwallo ɗaya tak ta raba. Na Tunisiya ɗin a teburin mai shayi muka bi shi, mu kusan talatin a kan rediyo ɗaya, batir ya yi sanyi, wani yana riƙe da eriya sama kamar mai roƙon ruwa. Da aka tashi babu wanda ya yi wa wani sallama. Mai shayin ma bai tambayi kuɗinsa ba sai washegari.

Shekarar da ta biyo suka huce a kan ASEC ta Abidjan, suka ɗauko kofin WAFU ɗin da kawunka yake faɗa. A cikinsu akwai wani yaro ƙaƙƙarfa mai ƙirji kamar ƙofar gari, Daniel Amokachi, ko sha takwas bai cika ba. Westerhof, kocin Najeriya na lokacin, ya gan shi ya tafi da shi gasar Afirka ta 1990 a Aljeriya, daga nan sai Beljiyam. Babangida Tijjani, Garba Lawal, Celestine Babayaro, duk ƙurar garin nan suka sha.

Ranar babban wasa tun bayan azahar ake cika fili. Masu kalangu gefe guda, masu rake da dafaffiyar gyaɗa suna ratsa mutane, yaran da ba su da kuɗi suna maƙale a get suna jiran a buɗe saura kwata a tashi, su kwararo kamar an fasa dam. Wanda bai samu zuwa ba yana gida da Rediyon Kaduna.

Me ya ci mu? Abin da ya ci masaƙa shi ya ci ƙwallo. Ka lura, lokacin da aka yi shelar lig na ƙwararru a 1990, masu ciyar da ƙwallon sun riga sun fara tari. Tun 1986 da aka kawo tsarin tsuke bakin aljihu naira ta fara zubewa. Leventis ta ci lig a 1986, ba a jima ba aka rushe ta. Abiola Babes ta bi. Mu a Kakuri wuta ta zama sai an ga dama, baƙin mai ya yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa a rabin kuɗin tamu. Kamfanin da ya kasa biyan mai saƙa ina zai samu kuɗin takalmin ɗan ƙwallo? Kulob aka fara sallama, sannan mu. Namu ya rufe get da haƙƙinmu a ciki, abokan aikina da yawa sun rasu suna jira, wannan maganar wata rana ce. Abin da ya rage sai gwamnatocin jihohi suka ɗauka, ka kuwa san ƙwallon gwamnati: in gwamna yana so a ci abinci, in wanda ya gaje shi ba ya so a sha iska.

Yaron nan ya ce hannunsa ya gaji.

Malama Mai Tarihi, Kawo:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Allah ya fitar muku da haƙƙinku. Ni a aji nake koyar da tarihi, amma abin da kuka faɗa babu shi a littafin da aka ba mu.

Ɗan'uwa mai gidan kallo, kofi ne ya riga lig, a nan da Ingila duka, kuma akwai dalili. Kofin FA na Ingila an fara shi a kakar 1871 zuwa 1872, Wanderers ta doke Royal Engineers da ci ɗaya. A lokacin 'ya'yan masu hali ne ke bugawa don nishaɗi, karɓar kuɗi abin kunya ne a wurinsu. Sai ƙwallo ta shiga garuruwan masaƙu na yankin Lancashire. Masu masaƙa suka riƙa ɗauko gwanaye daga Sikotilan suna ba su aikin suna kawai, kuɗi na shiga aljihu ta bayan gida. Baba, kun ji golanku na sashen saƙa, ashe yana da kakanni. A 1884 aka kori Preston North End daga gasar kofin saboda biyan 'yan wasa. Da hukumar ƙwallon Ingila ta ga kulob-kulob na arewacin ƙasar za su ɓalle, sai ta halatta biyan a 1885.

To nan matsala ta taso. Kofi sili-ɗaya-ƙwale ne. In an fitar da kai a zagayen farko, shi ke nan, sai wasannin sada zumunta da abokin karawa kan ƙi zuwa in ya samu inda ya fi maiƙo, ga albashi kuma yana jiranka kowane mako. Shi ya sa wani jami'in Aston Villa, William McGregor, ya rubuta wa manyan kulob-kulob wasiƙa a 1888 cewa a tsara wasanni tabbatattu, kowa ya je gidan kowa. Kulob 12 suka fara. Wato lig ba don neman gwani aka ƙirƙiro shi ba tun farko, don kuɗin get ya riƙa shigowa ne a kan kari. Preston ɗin nan da aka kora ita ta ci na farko, wasa 22 ba a doke ta ba, ta haɗa da kofin FA. Ka gaya wa yaranka an riga Arsenal da shekara 115.

Wani abin da zai ba su mamaki: ita kanta Arsenal ma'aikatan masana'antar makamai ne na Woolwich suka kafa ta a 1886. Igwar da ke jikin rigar daga nan ta fito. Ke nan ita da DIC Bees sana'ar iyayensu ɗaya. Manchester United kuwa ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka fara ta a 1878 da sunan Newton Heath, West Ham kuma maƙeran jiragen ruwa.

A namu ɓangaren, Gwamna Arthur Richards ya ba da kofi a 1945, ana ce masa Kofin Gwamna. Marine ta ci na farko, ta doke Corinthians da ci ɗaya. Da fari harkar 'yan Legas ce kawai. Shi ne ya koma Challenge Cup bayan samun mulkin kai, daga baya Federation Cup, wani lokaci kuma ya ɗauki sunan kamfanin da ya zuba kuɗi. Lig na ƙasa bai zo ba sai 1972, bayan yaƙin basasa, kuma Mighty Jets ta Jos ce ta fara ci. Shekara 27 tsakani. A ganina faɗin ƙasar ma ya taimaka, don kofi tafiya ɗaya ce ko biyu, lig kuwa sai ka iya kai mutum ashirin Kalaba ka dawo da su, mako mai zuwa kuma Ibadan.

Inda hanyarmu ta rabu da tasu, a fahimtata, shi ne yaye. Kulob-kulob ɗinsu sun bar nonon kamfani da wuri, suka zama na unguwa da gari, suna rayuwa da kuɗin 'yan kallo. Namu har suka girma a bayan uwa suke, da uwar ta faɗi suka faɗi tare. Sunan ƙwararru da aka laƙaba a 1990 bai canja wanda ke biya ba.

Sannan ga talabijin. A 1992 manyan kulob-kulob na Ingila suka ɓalle suka kafa Firimiya, tashar Sky ta shiga yarjejeniyar fam miliyan 304 ta shekara biyar. A shekarar ne kuma kofin Turai, wanda aka fara tun 1955, ya koma Gasar Zakarun Turai. Ka san wa ya ci ƙwallon farko a wasannin rukuni ƙarƙashin sabon sunan? Amokachin da Baba ya ambata, yana Club Brugge, a ragar CSKA Moscow, watan Nuwamban 1992. Ba zargi ba ne, ɗan'uwa, sana'a ce kuma halal ce, amma ɗari biyun da yaro ke miƙa maka ranar Asabar, da can a get ɗin Ahmadu Bello ubansa yake miƙa irinta.

Sai Masu Gida:

Malama, da girmamawa, kin tsallake 1953. Shekarar ce Kano ta je ta ɗauko Kofin Gwamna, karo na farko da ya bar Legas. Na san ba da gangan ba ne, amma mu Kanawa ba a cin mana tarihi muna kallo. Ki ƙara da Raccah Rovers da ta ci lig a 1978, da Pillars 2008, 2012, 2013, 2014.

Ni ɗan Kano ne amma shekarata goma sha ɗaya ina sayar da yadi a Kasuwar Barci, kuma ban yarda cewa mutane sun daina son ƙwallon gida ba. A 2018 a Asaba mu Pillars muna gaba da ci uku ba ko ɗaya a wasan ƙarshe na wannan kofin, na riga na yi wa maƙwabcina alkawarin tsire, Rangers ta farke duka ukun ta cinye mu a fenariti. Kwana biyu ban buɗe shago da wuri ba. Da shekara ta zagayo aka kawo wasan ƙarshen nan Kaduna, mu da Niger Tornadoes. Mai gidan kallo, da ka taka ƙafar nan da kake faɗa da ka ga abin da Baba yake ba da labari. Motocin Kano tun safe suke shigowa ta Kawo, na Minna ta ɗaya gefen, fili ya cika ya batse. Aka tashi babu ci, muka ɗauka a fenariti. Wani dattijo da ban taɓa gani ba ya rungume ni har hulata ta faɗi, ban sake ganinta ba.

Kuma ku Kadawan ma kuna mantuwa. A 2010 Kaduna United ta ci wannan kofin, ta yi uku da uku da Enyimba ta doke ta a fenariti, a filin Sani Abacha na Kano. Enyimbar da ta ci kofin zakarun Afirka sau biyu a jere, 2003 da 2004. Kun ɗauka a gidanmu, mun ɗauka a gidanku, an yi canjaras. Wannan ba zamanin masaƙa ba ne, lokacin kai kanka ka yi wayo.

Ɗan Barga:

Duk kun tattara a kan tamaula. In maganar kofin da ya fi daɗewa ake yi a garin nan, ku zo filin folo na Murtala Square. Kofin Georgian tun 1919 ake karawa a kansa, shekara 26 kafin Kofin Gwamna. Mahaifina aikin barga ya yi, ni ma a cikin dawaki na tashi, na sha ganinsa a kan tebur ranar rufe gasa, azurfa ce tsantsa, ba a barin irinmu mu matsa kusa. Shi bai mutu ba don masu shi ba su taɓa jiran kuɗin get ba, sarakuna ne da manyan soja da attajirai, kowa da dawakinsa da aljihunsa. Shiga kallo ma ba ta gagari talaka ba, ku dai ba kwa zuwa ne.

Mai Gidan Kallo, Tudun Wada:

Kai jama'a, na gode, Allah ya saka. Na 2010 ɗin nan ya fi ba ni kunya, don a shekarar ina ji ina gani na yi faɗa da abokina a kan Inter da Bayern har muka yi sati ba ma magana.

Malama, maganar ɗari biyu ta shige ni, amma ki yi mini adalci. Na taɓa gwada saka wasan lig ɗinmu wata Lahadi da aka nuna. Mutum huɗu suka zauna, biyu a ciki caji suka kawo. Man da na ƙona bai dawo ba. Jiya dai na gwada wani abu: ana hutun rabin lokaci na rage murya na ba su labarin Amokachi, har da wanda na sani da kaina, na 1995, da ya shiga fili a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA ba tare da kocin Everton ya ce ya shiga ba, ya zura wa Tottenham biyu. Da na ce ɗan Kaduna ne kuma a Ranchers ya fara, yaron nan mai jero sunaye ya ce ƙarya ne, sai da ya duba a waya. Yanzu shi ke gaya wa wasu kamar shi ya gano.

Baba, ko kuna da hoton kulob ɗin nan na da? Ina so in wanke babba in manna a bango, gefen na Henry.

Baban Kakuri:

Akwai guda biyu a cikin akwatin ƙarfe, in gara ba ta riga mu ba. Ɗaya na kulob ɗin kamfaninmu ne, golan nan yana tsugune a gaba da hular sanyi. Ɗayan a filin Ahmadu Bello aka ɗauka, 'yan wasan ba su fito sosai ba, amma za ka ga mutane har kan katanga. Jikana zai turo maka saƙo ta gefe ku shirya. Ka zo bayan la'asar, ban da ranar Juma'a. Ka taho da kawun naka, ina so in tambaye shi a wane ɓangare yake zama, don in ta gefen masu kalangu ne to wataƙila mun taɓa rigima da shi a kan benci.